Yadda Garin Pontevedra Ya Karɓe Hanyoyinsa Daga Hannun Mota

A cikin watan Yuli na shekarar 1999 ne wani likita, Miguel Anxo Fernández Lores, ya hau kujerar magajin garin Pontevedra, wani matsakaicin gari da ke bakin kogin Lérez a yankin Galisiya, arewa maso yammacin ƙasar Sifen, kuma tun bai cika wata guda a kan kujerar ba ya zartar da hukuncin da masu mulkin birane da yawa suka sha ambatawa da baki amma zuciyarsu ta kasa ɗauka, watau ya hana motoci kai da komowa a cikin tsohon garin, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mita 300,000. Garin ba wani babba ba ne, mutanensa sun ɗan haura 80,000, amma a wancan zamani tsakiyarsa ta zama abin tausayi: dandali ya koma wurin ajiye mota, iska ta gurɓace da hayaƙi, masu hali sun kwashe iyalinsu sun koma bayan gari, lungunan da suka bari kuwa suka zama matattarar 'yan ƙwaya. Shi kansa magajin garin ya faɗa wa 'yan jarida cewa kafin zuwansa, motar da ke wucewa ta titin da ke gaban ofishinsa kaɗai takan kai 14,000 a kowace rana.

Abin da ya bambanta wannan aiki da dokokin fushi da muka saba gani, waɗanda ake kafawa da safe a janye su kafin la'asar, shi ne nazarin da aka gina shi a kai. Lores da abokin shawararsa César Mosquera, kansilan da aka danƙa wa sha'anin hanyoyi, sun daɗe suna bitar mas'alar tun suna ɓangaren hamayya, kuma da suka dubi motocin da suka cika garin sai suka ga ashe ba hukuncinsu ɗaya ba. Akwai motar da ba ta da wata buƙata a cikin gari, illa dai ta ratsa ta tsakiyarsa domin ta yanke hanya zuwa wani wuri. Akwai kuma wadda ta riga ta iso inda za ta, amma mai ita yana ta kewaya unguwa sau uku sau huɗu yana neman gurbin da zai ajiye ta, wadda ita ce mafi ɓarna domin tafiyarta ba ta kai kowa ko'ina ba. Waɗannan biyu su ne galibin cunkoson. Wadda ta rage, watau motar da ta kawo kaya kanti, ko ta ɗauko majiyyaci, ko ta sauke tsohuwa a ƙofar gidanta, ita ce motar lalura, kuma da aka ƙidaya sai aka tarar 'yar kaɗan ce, gari yana iya ɗaukarta ba tare da ya ji nauyi ba. Saboda haka ba mota aka haramta ba, kamar yadda wasu jaridu kan rubuta domin jan hankali. Ratsawa da kewaye aka toshe, aka bar wa lalura ƙofarta.

Hujjar da magajin garin ya tsaya a kanta ita ce, mallakar mota ba ta ba mutum haƙƙin mallake filin da na jama'a ne, kuma duk wanda ya ɗan zauna gaban malaman fiƙihu zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Ya zo a cikin hadisi ingantacce cewa idan mutane suka yi jayayya a kan faɗin hanya, a yanka mata zira'i bakwai, wanda masana gine-ginen biranen Musulmi suka ce shi ne gwargwadon abin da raƙuma biyu ɗauke da kaya za su gitta juna. A ƙarni na 14 an yi wani magini a Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun maƙwabta, ya kuwa tattara hukunce-hukuncen Malikiyya a kan gini da hanya cikin littafi guda. Abin da ya ratsa waɗannan hukunce-hukunce duka shi ne, mutum yana iya amfanuwa da ƙofar gidansa, ya zauna ko ya kasa haja, muddin bai ƙuntata wa mai wucewa ba, da zarar kuwa ya ƙuntata, to, haƙƙin jama'a ya rinjayi nasa, muhtasibi ya kawar da abin da ya tare. Har dabbar da aka ɗaure a kan hanyar jama'a fuƙaha'u sun tattauna lamunin ɓarnarta a kan mai ita. Ƙiyasin mota a kan dabba aikin malamai ne, su za mu bar wa; amma mai hankali ba zai kasa lura ba cewa mota ɗaya a tsaye tana cin fili fiye da murabba'in mita 10, tana kuma shafe mafi yawan sa'o'in yini da dare a tsaye ba ta ɗauke da kowa.

Daga nan ne ma aka faro ainihin aikin, domin mutanen Pontevedra sun gane cewa wurin ajiye mota shi ne mai kiran mota. Muddin direba yana da tsammanin samun gurbi a bakin titi, ko da sau ɗaya ne cikin biyar, zai shigo ya gwada sa'arsa. In kuwa ya tabbata babu, ba zai ɓata mansa ba. Sai aka soke ajiye mota a kan titunan tsakiyar gari, aka samar da ma'ajiyoyi na ƙarƙashin ƙasa ga mai iya biya, aka kuma buɗe manyan filaye na kyauta a gefen gari, inda mutum zai ajiye motarsa ya ƙarasa da ƙafa cikin minti goma ko sha biyar. Wanda ke da uzuri na gaggawa, kamar sauke kaya ko ɗaukar wani, an ware masa gurabe da zai tsaya kyauta na minti 15, 'yan sandan gari kuwa suna sa ido, wanda ya zarce ya sha tara. An sake tsara alkiblar tituna ta yadda wanda ya shigo ta wata kusurwa da niyyar ɓullewa ta ɗaya gefen zai ga hanya ta sake fito da shi kusa da inda ya shigo, ya gwada sau ɗaya sau biyu ya haƙura ya bi ta bayan gari. Danja da yawa an cire su an sa shataletale. A cikin tsohon gari an shimfiɗa dutse, an daidaita tsayin titi da na gefensa, har mai keken guragu da mai tura keken jariri suna wucewa ba tare da sun nemi taimako ba.

Sa'an nan aka juya kan gudu. A shekarar 2010 aka ƙayyade kilomita 30 a sa'a a duk faɗin garin, alhali sauran biranen Sifen suna kan 50, kuma saboda sanin da aka yi cewa allo a bakin titi ba ya tsare direba mai sauri, sai aka ɗaga matsallakan masu tafiya a ƙasa suka zama tudu, ta yadda motar ce za ta hau zuwa inda mutum yake, ba mutum ne zai sauko cikin titi ba. Wannan adadi na 30 ba da ka aka zaɓe shi ba: likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda mota ta buge tana wannan gudu galibi yakan rayu, amma da gudun ya kai 50 haɗarin mutuwa ya ninka sau da yawa. Sai a watan Mayu na 2021 ne gwamnatin Sifen ta mai da 30 doka a kan yawancin titunan cikin birane na ƙasar baki ɗaya, bayan shekara goma sha ɗaya ke nan.

Wata dabara kuma, wadda ba ta ci kuɗin a zo a gani ba amma sunanta ya zaga Turai, ita ce taswirar da suka fitar a 2011 mai suna Metrominuto. An zana ta da layuka masu launi kamar taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa na manyan birane, sai dai abin da take nunawa shi ne mita nawa ne, minti nawa ne kuma a ƙafa, tsakanin tashar jirgi da asibiti, ko tsakanin kasuwa da makaranta. Hikimar da ke ciki ita ce, wanda ya saba da mota yakan ɗauki tazara ta fi yadda take nisa, har sai an rubuta masa cewa minti bakwai ce kafin ya yarda. Yara ma an yi musu tanadi, an tsara hanyoyin makaranta da za su bi su kaɗai ba rakiyar iyaye, masu kantunan da ke kan hanyar kuwa suka amince su zama mafaka ga duk yaron da ya shiga wata damuwa.

To, me aka samu? Bisa lissafin hukumar garin, a titunan da mutum 30 suka halaka ta haɗarin mota tsakanin 1996 da 2006, mutum 3 ne suka mutu a shekaru goman da suka biyo baya, daga 2011 kuwa aka jera shekaru ba a rasa rai ko ɗaya ba. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa zirga-zirgar mota ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a tsohon gari, da kimanin rabi a garin gaba ɗaya, kuma tsakiyar garin ta ƙaru da dubban mazauna a lokacin da garuruwa da yawa na Galisiya suke raguwa suna tsufa. Lalle ne mai karatu ya tuna cewa waɗannan alƙaluma daga bakin mai aikin suka fito, kuma ba a rasa ɗan ƙarin gishiri a maganar mai yabon kansa. Amma akwai shaidar da ba ta hannun hukuma. 'Yan kasuwa sun yi ƙorafi da farko suna cewa an kore musu masu saye, direbobi sun yi fushi, an kai ƙara kotu, duk da haka Lores ya ci gaba da riƙe kujerarsa bayan zaɓukan 2003, 2007, 2011, 2015, 2019 da 2023, wani lokaci da goyon bayan wata jam'iyya. Ƙananan kantuna sun rayu, har da dalilin cewa hukumar ta ƙi ba da izinin gina manya-manyan rukunin kantuna a bayan gari, irin waɗanda ba a zuwa sai da mota. Abin mamaki kuma, duk wannan ya faru ne kilomita 30 kacal daga birnin Vigo, inda kamfanin Citroën ya kafa masana'antar ƙera motoci tun 1958, wadda dubban iyalan yankin ke ci daga gare ta.

Amma fa kada a ruɗe mu. Pontevedra gari ne da mai ƙoshin lafiya zai ratsa daga wannan gefe zuwa wancan cikin rabin sa'a, shi ya sa ƙafa ta wadatar, kuma su ma mazauna ƙauyukan kewaye suna kukan ƙarancin motocin haya da cunkoso a mashigan gari safe da yamma. Birnin da mutanensa suka kai miliyoyi ba ya warkewa da wannan magani shi kaɗai, domin haka manyan birane suka bi ta hanyar kuɗi. Singafo ce ta fara a 1975, ta wajabta wa mai mota sayen lasisi kafin ya shiga tsakiyar birni da safe, a 1998 kuma ta mai da abin na na'ura. Landan ta biyo baya a ranar 17 ga Fabrairu 2003, zamanin magajin gari Ken Livingstone, da fam 5 a rana, kyamarori suna karanta lambar mota, doka kuma ta wajabta a zuba ribar cikin sufurin jama'a. Motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ko da yake daga baya cunkoson ya sake ɗagowa, kuɗin kuma ya yi ta hawa har ya kai fam 15 a 2020.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikinsu shi ne na Stockholm, babban birnin Suwidin, saboda ladabin da hukuma ta nuna wa talakawanta. Jama'a ba sa son harajin, jaridu suna suka, sai aka ce to, a gwada na wata bakwai, daga Janairu zuwa Yuli na 2006, bayan an riga an ƙaro bas-bas kusan 200 tun kafin ranar farawa. Motoci suka ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, layukan da ake kwana a ciki a kan gadoji suka narke. Da wa'adi ya cika aka ɗage harajin, cunkoso ya soma dawowa, kowa ya gani da idonsa. A watan Satumba aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, mutanen birnin suka amince, a watan Agusta na 2007 aka tabbatar da dokar. Gani ya kori ji.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa gwada namu, kuma ya kamata a riƙa tuna yadda ta kaya. A 1977, lokacin Legas tana babban birnin tarayya kuma kuɗin man fetur ya cika ta da motoci, gwamnatin soja ta kafa dokar lamba, watau motar da lambarta mara ce ta shiga manyan hanyoyin tsakiyar birni a wasu ranaku, wadda lambarta cika ce kuwa a wasu. An ɗan sami sauƙi na ɗan lokaci, sa'an nan masu hali suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya rasa motar hayar kirki da zai hau, daga ƙarshe dokar ta mutu murus. Birnin Meziko ya yi irin wannan a 1989, ya hana kowace mota fita rana ɗaya a mako, binciken da aka yi daga baya kuwa bai ga iska ta gyaru ba, domin mutane sun sayo tsofaffin motoci masu hayaƙi su zama na ranar hani. Hani ba tare da madadi ba, zalunci ne ga talaka, wasa ne kuma ga mai kuɗi. Sai a watan Maris na 2008 Legas ta kama bakin zaren, da ta keɓe wa manyan bas-bas layinsu daga Mile 12 zuwa CMS, a 2023 kuma jirgin ƙasa na cikin birni ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2.

A Kano kuwa, hanyar da gwamnatoci suka zaɓa tun daga 2011 ita ce ta siminti da rodi: gadar sama a Ƙofar Nasarawa, ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, sa'an nan Dangi da Hotoro. Ba wanda zai yi musun cewa sun kwance wasu mahaɗai da a da ake shan azaba a cikinsu, sun kuma ƙawata birni. Sai dai masana sufuri sun daɗe da tabbatar da cewa sabuwar hanya a cikin birni mai cunkoso takan haifi sababbin tafiye-tafiye har ta cika, kamar mai ƙara watsa tsaba a tsakar gida da nufin kaji su daina turereniya. A birnin Houston na Amurka an kashe dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, ba a yi shekaru masu yawa ba lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hauhawa. Gada tana kai mota bakin kasuwar Kantin Kwari da sauri, amma ba ta ƙara wa bakin Kantin Kwari ko taku ɗaya ba.

Wajibi ne kuma a faɗi inda halinmu ya saɓa da nasu. Mafi yawan masu shiga kasuwannin Kwari da Singa da Sabon Gari ba da motar kansu suke zuwa ba, a Adaidaita Sahu suke, musamman tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013. Kuma abin da ya toshe titi ya haɗa da tirelolin da ke sauke kaya da rana tsaka, da masu kasa haja a kan kwalta, da motocin masu shaguna da ake jerawa layi biyu tun daga hantsi har magariba. Galisiya ƙasar ruwan sama ce, laima ta ishe su. Mu kuwa wanda zai umarci dattijo ya taka minti goma sha biyar cikin ranar watan Afrilu, lalle ne ya fara dasa masa darbejiya, ya gyara masa gefen titi, ya rufe kwatar da ke buɗe. Daɗin daɗawa, mota a wurinmu shaidar rufin asiri ce, attajiri yana ganin ƙasƙanci ne ya ajiye ta nesa da shagonsa. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa ma'aikata da yawa sun jingine motocinsu, tituna suka ɗan sarara, amma wannan sauƙin ƙunci ne ya kawo shi, ba tsari ba, kuma babu mai fatan irinsa.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce abin baƙo ne gare mu. Cikin Kasuwar Kurmi mota ba ta shiga, ciniki kuwa bai tsaya ba tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kowace Juma'a ana rufe tituna a kewayen manyan masallatai, mai mota ya ajiye ta nesa ya tako ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba. Haka nan ranakun hawan Salla. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauki titi ɗaya ko biyu a kewayen Kantin Kwari, a zauna da shugabannin 'yan kasuwa da 'yan dako da ƙungiyar masu Adaidaita tun kafin a sa hannu a takarda, a keɓe sa'o'in sauke kaya da asuba da bayan isha'i, a tanadi fili mai tsaro na ajiye motoci, a bar layi guda a buɗe domin motar 'yan kwana-kwana, wadda duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san darajarta, sa'an nan a ɗora wa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, tsaron dokar a kan babba da yaro ba tare da duban lambar mota ba. A yanka wa gwajin wa'adin wata shida, a ƙidaya motoci da ciniki da haɗura kafin farawa da bayan gamawa, a buga sakamakon kowa ya gani. Muna roƙon gwamnatin jihar Kano da majalisarta su gwada wannan kafin su ba da kwangilar gada ta gaba.